Kumfar farko ita ce wuya

Ruwa da lantarki ba sa ga maciji, wannan kowane yaron shago ya haddace shi tun kafin ya iya riƙe sukundireba. Shi ya sa da ɗan yayata, mai gyaran inbata da kayan sola a nan Birnin Kebbi, ya ga bidiyon wata kwamfuta tsundum cikin akwatin gilashi, fitilunta na ƙyaftawa, ruwa kuma na ta tafarfasa a jikinta, sai ya turo mini da tambaya: "Kawu, wanga abu gaskiya ta ko siddabaru na? In gaskiya ta, mi za ya hana mu tsoma inbatocinmu ciki mu huta da ƙonewar mosfet?" Mosfet kuwa wasu 'yan kayan lantarki ne a cikin inbata masu saurin ɗaukar zafi.

Gaskiya ce. Sai dai abin da ke cikin akwatin ba ruwan rijiya ba ne, wani sinadari ne daga dangin fulorokabon, wato haɗin kabon da fulorin. Garau yake, ba ya kama wuta, kuma lantarki ba ya bi ta cikinsa. Mu masu koyar da aikin firji da na'urar sanyaya ɗaki ba baƙo ba ne a wurinmu, domin gas ɗin da muke ɗurawa kullum, R-22 da R-134a, 'yan gida ɗaya ne da shi. Bambancin, namu sai an matse su cikin silinda suke zama ruwa. R-134a in ka sake shi a sarari yana tafasa tun a digiri 26 ƙasa da sifiri, R-22 kuwa wajen 41 ƙasa da sifiri. Waɗancan kuwa sai ka tsiyaya su a kofi su zauna. Wanda ya fi suna a ɗakunan bincike shi ne FC-72 na kamfanin 3M, mai tafasa a digiri 56 na ma'aunin Salshiyas. Akwai Novec 7100 mai tafasa a 61, da Novec 649 a 49.

Dabarar ma ba ta jiya ba ce. Babbar kwamfutar nan Cray-2 ta 1985 cikin irin wannan ruwa ake jiƙa ta, ko da yake ita famfo ne ke zagaya mata da shi, ba barinsa ake yi ya tafasa ba. A 2015 kamfanin BitFury mai haƙo kuɗin intanet ya sanar da wata cibiya ta megawat 40 a ƙasar Jojiya da za a sanyaya da tafasar Novec 7100, a 2021 kuma Microsoft ya nuna nasa tankunan a garin Quincy na jihar Washinton, inda ruwan ke tafasa a digiri 50. Tsarin waɗannan biyu na baya iri ɗaya ne. Ruwa na kwance cikin tanki, babu famfo mai tura shi, kayan lantarki na ciki. Wurin da ya yi zafi sai ya tafasa ruwan da ke jikinsa, tururi ya tashi, ya tarar da bututu mai sanyi a saman tanki, ya koma ruwa, ya ɗigo. Wannan ita ce tafasar kwance, saɓanin ta cikin bututun firjinka inda gas ke tafasa yana gudu.

In ka ajiye FC-72 kusa da ruwan sha ka auna su a takarda, sai ka ji tausayinsa. Kilo ɗaya na ruwa yana haɗiye zafi kilojul 2,257 kafin ya gama zama tururi, shi kuwa 88 kacal. Wajen miƙa zafi daga wannan gefe zuwa wancan, ruwa ya ninka shi kusan sau goma. Ga shi da nauyi, lita ɗaya ta kai kilo 1.68. Ba don ƙarfinsa aka zaɓe shi ba, an zaɓe shi ne don ba ya haɗa wuta, kuma yana tafasa ƙasa da digiri 85 da aka saba ɗauka a matsayin iyakar abin da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ke jurewa lafiya. To tun da rago ne a kwance, duk amfaninsa yana cikin tafasa. In ya tafasa ya yi aiki, in bai tafasa ba bargo ne kawai ka lulluɓa wa na'urarka. Kuma abin da bidiyon bai nuna ba shi ne wannan ruwa yana da taurin kai wajen fara tafasa.

An koya mana a firamare cewa ruwa yana tafasa a digiri 100. Rabin zance ne. Kumfa ba ta fitowa haka kawai a tsakiyar ruwa. Duk inda ruwa ya yi iyaka da tururi akwai wani ɗauri, kamar 'yar fata, da ke matse kumfa yana neman murƙushe ta, kuma iya ƙanƙantar kumfa iya tsananin matsin. Kafin ƙaramar kumfa ta rayu, dole ƙarfin tururin da ke cikinta ya rinjayi wannan matsi, wato dole ruwan da ke kewaye da ita ya wuce ma'aunin tafasa. Wannan ƙarin shi nake kira rarar zafi. Da a ce kumfa za ta fara daga babu, rarar da ake buƙata ta wuce hankali, an taɓa ɗumama tsabtataccen ruwa a ɗakin gwaji ya haura digiri 250 bai tafasa ba. Abin da ya sa namu ke tafasa da wuri shi ne yana samun iri a ajiye, wato ɗan guntun iska ko tururi da ya maƙale cikin wani rami a jikin ƙarfe.

Ranar da aka ɗora ruwa a tsohuwar tukunyar dalma a gidanku, ka tsaya ka leƙa. Ƙananan kumfan da ke fara liƙewa a bango tun ruwa na ɗumi ba tafasa ba ce, iskar da ta narke cikin ruwa ce ke fita. Jira kaɗan. Za ka ga kumfa ta fara tashi daga gindin tukunya, amma ba daga ko'ina ba. Daga wasu ɗigo-ɗigo ƙididdigaggu take fitowa, ɗaya ta tashi, wata ta biyo ta daga daidai wurin, a jere, ba ta kaucewa. In ka sauke tukunyar ka duba wurin, sau da yawa za ka tarar da ƙarzar ludayi ko ɗan ramin da ya samu tun wajen zubi. Kowace kumfa in za ta tashi takan bar ɗan ragowar tururi a ramin, shi ne irin ta gaba. Ana ƙara wuta, ramukan da suka fi ƙanƙanta su ma suna farkawa, har gindin ya cika.

Wani masani mai suna Bankoff ya bayyana sharaɗin tun 1958. In ruwa ya zo wucewa ta bakin rami, abin da ke yanke hukunci shi ne yadda yake kwanciya a jikin ƙarfen. Ruwan sha ba ya son shimfiɗewa, ɗigonsa yakan tsaya a dunƙule, saboda haka yakan tsallake bakin ramin ya rufe iska a ciki. FC-72 kuwa ɗaurin fatarsa wajen kashi ɗaya cikin bakwai ne na ruwa. Ɗiga shi a kan jan ƙarfe ko gilashi, ba za ka ga ɗigo ba, nan take ya bazu. Kusurwar da yake yi da ƙarfe kusan sifiri ce. Don haka in ya tarar da rami ba ya tsallakewa, gangarawa yake yi ta bango har ƙasa, ya kori iskar, ya cike gurbin. Iri ya mutu.

A nan ne lissafin yake ba ni sha'awa, kuma shi nake sa ɗalibaina su yi da hannunsu. Ɗauki irin kumfa wanda daga tsakiyarsa zuwa gefe maikuron ɗaya ne, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. In ruwan sha ne, sai rarar zafi ta haura digiri 20 kafin ya girma. In FC-72 ne, digiri 4 zuwa 5 sun isa. Kenan bisa ƙa'ida shi ya kamata ya riga ruwa tafasa. Amma ruwa yana da manyan ramuka a ajiye, masu faɗin maikuron da yawa, shi ya sa da rarar digiri 5 ko makamancin haka ya fara. Shi kuwa gogan naka ya riga ya cinye manyan ramukansa da kansa, bai bar komai ba sai 'yan mitsi-mitsin da ba su wuce kashi ɗaya cikin goma na maikuron ba, waɗanda sai rara ta haura digiri 20 suke motsawa. Halin da ya sa kumfarsa ke da sauƙin girma, shi ne dai halin da ya hana shi samun inda zai fara.

Na ga wannan da idona lokacin da na je ƙaro karatu. Akwai wani ɗan tanki na ƙarfe mai tagar gilashi, a ƙasansa an kafa guntun jan ƙarfe mai faɗin santimita ɗaya kowane gefe, an goge shi har yana ɗaukar ido, da abin ɗumamawa a ƙarƙashinsa da wayoyin auna zafi a cikinsa. Da farko akan tafasa ruwan sosai da wata hita ta daban don a kori iskar da ke cikinsa, sannan a bar shi ya natsu a daidai digiri 56. Sai a fara ƙara wuta kaɗan-kaɗan, ana jira lamba ta tsaya kafin a sake ƙarawa. Lamba ta wuce 60, ta wuce 70. Ta tagar ba ka ganin komai sai wani lilo-lilo a cikin ruwa, zare-zaren ruwan ɗumi na tashi daga ƙarfen suna karkata haske. Ta doshi 80, ruwa shiru, alhali ya wuce ma'aunin tafasarsa da fiye da digiri 20. Can sai kumfa ɗaya ta ɓullo a gefen ƙarfen, kusa da inda aka liƙe shi da gam. Kafin ka ƙifta ido fuskar ƙarfen gaba ɗaya ta yi fari fat, tafasa ta bazu daga wannan gefe zuwa wancan da ɗan sauti, lambar zafi kuma ta faɗo da fiye da digiri 10 ba tare da an taɓa wutar ba. Kumfar farko ce ta bi ta kan sauran ramuka tana zuba musu tururi, kowanne ya samu iri ya farka.

Abu na biyu ya fi ban mamaki. Da aka fara rage wuta, tafasar ba ta tsaya a inda ta fara ba. Ta ci gaba, tana raguwa a hankali, har sai da ƙarfen ya rage 'yan digiri kaɗan sama da 56 sannan gurbi na ƙarshe ya yi shiru. Hanyar hawa daban, ta sauka daban. Kuma in aka kashe komai aka dawo washegari, da ƙarfe ɗaya da ruwa ɗaya, kumfar farko ba za ta zo a lambar jiya ba. Wannan ba sakacin mai gwaji ba ne. Wajen 1990, masu bincike uku a Jami'ar Minnesota, You da Simon da Bar-Cohen, sun nuna cewa a irin waɗannan ruwaye ba a iya ba da lamba ɗaya a ce ga inda tafasa ke farawa, sai dai a maimaita gwaji da yawa a ce a kaza rarar zafi, kaza cikin ɗari na gwaje-gwaje sun fara. Injiniya ba ya son irin wannan amsa, amma ita ce ke akwai.

Yanzu haɗa lissafin. Ruwa na tafasa a 56, ƙara rarar 25, ka kai 81 a bayan murfin furosesa, cikinta kuma ya fi haka zafi. Daga nan sai ta yi faɗuwar bazata in tafasa ta kama. Wannan hawa da faɗuwa shi ke gajiyar da dalmar da ta riƙe ƙafafun kayan lantarki. A cibiyar da ba a kashe na'ura shekara da shekaru, sau ɗaya za a sha wannan wuya. A garin da ake ɗauke wuta ana kawowa, labari ya sha bamban, domin duk lokacin da ƙarfe ya huce, tururin da ke cikin ramuka yakan koma ruwa, gurabe su cike, a sake sabon lale.

Akwai kuma batun iska. FC-72 yana iya narkar da iska har kusan kashi 48 cikin ɗari na girmansa, ruwan sha kuwa wajen kashi 2. Wannan hali ne ya sa a 1966 Leland Clark da Frank Gollan suka nutsar da ɓeraye cikin ruwan fulorokabon da aka cika da iskar oksijin, suka yi numfashi a cikinsa, aka fito da su da rai. A wajen tafasa, in iskar da ke cikin ruwan tana da yawa takan taimaka wa irin kumfa ya kumbura da wuri, rarar farko ta ragu. Amma ba kyauta ba ce. Iskar na fita tare da tururi sai ta taru a jikin bututun sanyi na sama, kuma ita ba ta komawa ruwa, sai ta tare wa tururi hanya. Duk wanda ya taɓa ɗura gas a firji bai zuƙe iskar ciki da kyau ba ya san yadda kwamfireso, wato injin da ke matse gas, ke kuka daga baya.

Maganin da ya fi aiki yana jikin ƙarfen ne. Mu nan mun tashi da ganin cewa aiki mai kyau shi ne mai santsi da ƙyalli, yaro ya goge abu har ya ga fuskarsa sai maigida ya ce madalla. A wannan fanni santsi shi ne abokin gaba. Goga ƙarfe da samfefa yana ƙara yawan gurabe, tafasa ta ƙara kyau in ta kama, amma buɗaɗɗiyar ƙarza ba ta gagarar ruwan da ke shiga ko'ina. Abin da ake nema shi ne rami mai ƙaramin baki da faffaɗan ciki, ko kuma ramuka masu haɗe da juna ta ƙarƙashi, yadda in ɗaya ya samu tururi zai raba wa maƙwabtansa. A 1995, O'Connor da You a Jami'ar Texas da ke Arlington suka fito da wata hanya mai sauƙi har ta ba mutum dariya: fenti. Suka kwaɓa garin azurfa da gam da sinadarin da ke bushewa, suka shafa siriri a kan ƙarfe. Da ya bushe sai ya bar ɓawo mai cike da ƙofofi 'yan maikuron. Rarar farko ta faɗi ƙasa warwas, iyakar zafin da fuskar ke iya fitarwa kuma ta kusa ninkawa. Daga baya an yi da garin alminiyom da na jan ƙarfe da na lu'ulu'u. A Jami'ar Kyushu ta Japan, Honda da abokan aikinsa suka sassaƙa 'yan turaku masu kaurin gomman maikuron a jikin silikon ɗin kansa, wato abin da ake ƙera furosesa da shi. Furosesoshin da ake tsomawa a tankunan kasuwanci yau, akan liƙa musu faranti mai ɓawon garin jan ƙarfe da aka gasa har ya kama juna. Da ka kalli bidiyon da kyau za ka lura kumfa ta fi tashi daga wani faranti mai launin ƙasa-ƙasa, shi ne wannan.

Kumfar waɗannan ruwaye ƙanana ce, ba ta kai milimita ɗaya take barin ƙarfe, ta ruwa kuwa takan kai biyu zuwa uku. Shi ya sa tafasar ke yin fari kamar hayaƙi. Tambayar da masana suka daɗe suna ja-in-ja a kanta ita ce ta wace hanya ainihin zafin ke fita. Wasu sun ce akwai wani siririn ruwa da ke saura a ƙarƙashin kumfa lokacin da take girma, shi ke ƙafewa da sauri ya kwashe zafi. Wasu suka ce a'a, kumfa in ta tashi takan tafi da ruwan zafin da ke kwance a jikin ƙarfe, wanda bai kai shi zafi ba ya ruga ya maye gurbin, ya zuƙi zafi, wata kumfar ta sake kore shi. Jungho Kim na Jami'ar Maryland ya ƙera faranti mai ɗauke da 'yan ƙananan hitoci jere, kowace ana auna abin da take fitarwa ita kaɗai, ya ɗauki hoton kumfa ɗaya tak tana girma a kansu cikin FC-72. Abin da ya samu ya fi karkata ga magana ta biyu: a wannan ruwa, babban aikin kumfa shi ne dama ruwa da sabunta shi a jikin ƙarfe. A 2011 an kai irin wannan gwaji tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. Can da yake babu nauyin da zai ɗaga kumfa sama, sai ƙanana su haɗu su zama ƙatuwa guda ta zauna a kan hita, zafin da ke fita ya ragu ƙwarai.

Wannan ƙatuwar kumfa mai zama daram ita ce kuma abin tsoro a nan ƙasa, in wuta ta yi yawa. Shiro Nukiyama na Jami'ar Tohoku a Japan shi ya fara zana taswirar abin a 1934, da siririyar waya cikin ruwa. Yana ƙara lantarki, tafasa na ƙaruwa, zafin wayar na hawa kaɗan-kaɗan, har aka kai wani matsayi inda wayar nikurom ta yi ja ta tsinke nan take. Da ya sa ta filatinom mai jure wuta, sai ya ga zafinta ya yi tsalle da ɗaruruwan digiri. Abin da ya faru shi ne tururin da ke fita ya yi yawan da ya hana ruwa komowa, ya zama mayafi tsakanin ƙarfe da ruwa, tururi kuwa ba ya miƙa zafi sosai. Likitan nan Bajamushe, Leidenfrost, ya ga ɗan'uwan wannan tun 1756, da ya ɗiga ruwa a cokalin ƙarfe mai jan zafi ya ga ɗigon na yawo ya ƙi ƙafewa. Kutateladze a Tarayyar Sobiyet a 1948, da Zuber a Amurka a ƙarshen shekarun 1950, su suka ba da lissafin wannan maƙura. Ga ruwan sha, wajen wat 110 ne a kowane santimita murabba'i. Ga FC-72 a kan fuska mai santsi, wajen 15.

Wat 15 ba wani abu ba ne a zamanin nan. H100 na kamfanin Nvidia, wanda ake horar da ƙirƙirarriyar basira da shi, yana cin har wat 700, silikon ɗin tsakiyarsa kuma bai fi santimita murabba'i 8 da ɗoriya ba. In ka tsoma shi tsirara, abin da fuskar za ta iya fitarwa wajen wat 120 ne kacal kafin mayafin tururi ya rufe ta. Dole a baza zafin a kan faranti mai faɗi, a yi masa ɓawo, wani lokaci a sanyaya ruwan ƙasa da ma'aunin tafasarsa, domin hakan na ɗaga maƙurar. Har yadda aka kafa fanel yana da tasiri, fuskar da ke kallon ƙasa takan tara tururi ta ƙone da wuri. Kenan ruwan yana da ƙofa biyu masu haɗari, ta shiga da ta fita, aikin duka a tsakaninsu yake.

To mu dawo Kabi. Na ce wa ɗan nawa ya ɗauki biro. A watan Afrilu, kafin ruwa ya sauka, zafin rana a Birnin Kebbi da Argungu da Jega yana haura digiri 40, a cikin shagon kwano kuwa sai abin da Allah ya yi. Tururin FC-72 yana a 56, dole ka mai da shi ruwa da iskar da ke 43 ko fiye. Tazarar digiri 13 ke nan, kenan sai ka nemi ƙaton kondensa da fanka, fankar da kake gudu tun farko. Novec 649 tazararsa ba ta fi 6 ba. Novec 7000 kuwa, mai tafasa a 34, tun a cikin kwalba zai fara neman hanyar fita. Sannan ruwan da ke shiga ramin da bai kai maikuron ba, ina ga murfin da aka liƙe da gam a bakin kasuwa? Zai sulale ya bi iska, kuma da dala ake sayen sa. Wasu daga cikin ruwayen ma sukan tsotso man da ke cikin robar waya, su kai shi daidai inda ake tafasa su ajiye, ya toshe ƙofofin ɓawon da aka sha wuya aka yi. In kuma harshen wuta ya taɓa tururinsu, kamar wajen walda, sukan rikiɗe su ba da hayaƙi mai guba. Inbatarsa abin da take so shi ne a busa mata ƙurar hunturu, a sauya fankar da ta gaji, a sabunta man da ke tsakanin mosfet da ƙarfen da ke kwashe zafi, a kuma ɗauke ta daga jikin bangon da rana ke duka.

Akwai dalilin da ya fi waɗannan nauyi a wurina. Ɗaurin da ke tsakanin kabon da fulorin yana cikin mafi ƙarfi a ilimin sinadarai. Shi ya sa ruwan ba ya ƙonewa, ba ya cin ƙarfe, shi ya sa kuma ba ya ruɓewa. Sinadarin da ke cikin FC-72 in ya shiga sararin sama yakan yi shekara sama da 3,000, kuma kilo ɗaya nasa yana riƙe zafin duniya fiye da kilo dubbai na iskar kabon. Novec 649 an yi shi ne don ya rushe cikin kwanaki, amma duk suna cikin babban dangin da ake kira PFAS, wanda ake ta shari'a a kansa saboda gurɓata ruwan sha. A Disambar 2022 kamfanin 3M ya sanar zai daina yin su gaba ɗaya zuwa ƙarshen 2025, a 2023 kuma ya amince zai biya aƙalla dala biliyan 10.3 ga hukumomin ruwan sha na Amurka. Mu da muka ga yadda aka raba mu da tsohon gas ɗin firji R-12 bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987, muka ga R-22 na bin sahu, R-134a ma yarjejeniyar Kigali ta 2016 ta sa masa ido, bai kamata mu zama juji na ƙarshe da za a kawo wa ragowar kaya ba. Ra'ayina ke nan, ko da an kawo shi da araha.

Inda wannan ilimi ke da amfani gare mu kai tsaye shi ne manyan injinan sanyaya ruwa, irin na asibitoci da otal-otal da masana'antu. A cikin da yawansu akwai wata ganga kwance cike da ruwan R-134a, bututan jan ƙarfe sun ratsa ta, ruwan da ake son sanyayawa na bi ta cikin bututan, gas kuma na tafasa a bayansu. Tafasar kwance ce sak. In ka samu guntun irin wannan bututu ka shafa, za ka ji kaushi-kaushi, in ka sa gilashin ƙara girma za ka ga layukan 'yan ƙofofi da ramuka a ƙarƙashinsu. Thermoexcel na Hitachi da Turbo-B na Wolverine da High Flux na Union Carbide duk dabara ɗaya ce, ajiye irin kumfa inda ruwa ba zai kore shi ba. Abin da ke kashe su shi ne man kwamfireso. Gas na tafasa ya tashi, mai ba ya tashi, sai ya yi ta taruwa a gangar. Kaɗan daga cikinsa ba ya ɓarna sosai, amma in ya yi yawa yakan taru a daidai gindin kumfa ya cike ramukan. Alamar ita ce tazarar da ke tsakanin zafin ruwan da ke fitowa da zafin da gas ke tafasa, wadda a lafiyayyen inji ba ta wuce digiri 1 zuwa 2, sai ta yi ta faɗaɗa, man da ke cikin kwamfireso kuma yana raguwa ba tare da an ga inda ya zuba ba. Na sha ganin an ruga an ƙara gas a irin wannan hali. Kafin a buɗe silinda, a fara wanke cikin bututan ta gefen ruwa, sannan a duba layin da ke mai da mai zuwa kwamfireso ko ya toshe.